ZAUREN KAWU: Gidan giya ne ko gidan kiɗa? Tambayoyinku kan Cobblestone na Dablin

Assalamu alaikum jama'ar zaure, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan makon tambaya ɗaya ce ta jawo sauran, wata 'yarmu da ke aikin jinya a ƙasar Ayilan ce ta turo, muka saka ta a shafin mujalla don mu ji ta bakinku, kafin kace me saƙonni sun yi yawa, wasu ƙarin tambaya wasu kuma faɗa. Ga waɗanda na tsinto.

TAMBAYA: Kawu barka da aiki, ya iyali. Ni nas ce a Dablin ban daɗe da zuwa ba, abokan aikina turawa kullum in an tashi ranar Juma'a sai sunce in zo muje wani waje wai shi Cobblestone, nace musu ni fa bana shiga gidan giya sai sukace ai ba dan giya ake zuwa ba kiɗan gargajiyarsu akeyi, wata ma har ranta ya ɗan sosu tace babanta can yake zuwa da gogensa duk sati, ni dai wallahi na kasa gane kan abin. Dan Allah wane irin waje ne wannan? Daga 'yarka a Dablin.

AMSA: Lafiya lau 'yata, Allah ya yi wa aikin albarka. Bari in fara da abin da ba na so kowa ya rufe ki a kai, Cobblestone gidan giya ne, irin wanda suke kira pub, akwai kanta akwai famfunan giya akwai masu sha, masu gidan ma da bakinsu suna kiransa gidan sha mai fama da matsalar kiɗa. Amma kuma abokan aikin naki ba ƙarya suka yi miki ba, duk Dablin in ana lissafin inda ake jin kiɗan gargajiya na ainihi ba wanda ake shirya wa 'yan yawon buɗe ido ba, to sunansa na sahun gaba.

Yana unguwar Smithfield ne arewa da kogin Liffey, lamba 77 a titin North King, a kan kwana daidai saman wannan makeken filin da aka daɗe ana cin kasuwar dawaki a cikinsa. In kin hau jirgin ƙasan cikin gari da suke kira Luas, jan layi, akwai tashar Smithfield, daga nan tafiyar ƙafa ce kaɗan. Wani dattijo Tom Mulligan ne ke riƙe da gidan tun ƙarshen shekarun 1980, kuma gidansu gidan makaɗa ne kaka da kakanni, mahaifinsu mutumin yankin Leitrim makaɗi ne, ɗan'uwan Tom ɗin Néillidh sananne ne wajen busa, 'ya'yansu ma duk sun ɗauka. Shi yasa wajen ya fita daban, wanda ya taso cikin abin ne yake tafiyar da shi.

Ginin tsoho ne, daga waje ba zai burge ki ba sam. Ciki ɗan siriri ne dogo, katako ko'ina, bango cike da hotunan makaɗa na da da na yanzu. Kusa da ƙofar shiga akwai wani lungu da aka ware, kujerun wurin na makaɗa ne kawai ko gidan ya cika ya batse ba mai zama a kai. Babu dandamali, babu lasifika, ba a karɓar kuɗin shiga. Mutum shida ko goma ko fiye sun zagaye ɗan tebur gwiwa na gugar gwiwa, suna kallon juna, sun ba sauran jama'a baya ma wasunsu, dan su a ganinsu ba wasa suke yi wa kowa ba, junansu suke yi wa kiɗa, ke da kika tsaya kina ji albarkaci kika ci. Wannan zaman shi suke kira seshon, kuma a Cobblestone kullum ana yi, kwana bakwai na mako.

Kayan kiɗan, akwai gogensu mai tsirkiya huɗu da ake saƙalewa a ƙarƙashin haɓa, akwai sarewar katako, akwai 'yar sarewar kwano mai huji shida wacce da ita yara ke fara koyo, akwai akodiyan babba da wata 'yar ƙarama mai kusurwa shida da ake matsawa tsakanin tafuka, akwai banjo, sai bandirinsu na fatar akuya da suke kira bodhrán ana kaɗa shi da ɗan guntun itace mai kai biyu. Amma wanda zai tsayar da ke shine abin busarsu uilleann. Ba da baki ake hura shi ba. Mai shi a zaune yake, ya ɗaura zugazugi a gwiwar hannun dama, jakar fata a hammatar hagu, yana zuga da wannan yana matsawa da wancan, sarewar tana tsaye a kan cinyarsa bisa wata 'yar fata, yatsu na aiki a kanta, ga wasu bututu uku kwance a cinyar suna gunji ba tsayawa, ga wasu ukun masu maɓallai da yake dannawa da wuyan hannu, duk a lokaci ɗaya. Sautin kamar kuka kamar murna. A 2017 hukumar UNESCO ta saka wannan busa cikin kayan gadon duniya.

Ba takarda a gaban kowa, duk da ka ne, mutum ɗaya sai ya haddace take ɗaruruwa. Wani zai ɗauko take a hankali, kafin ya kai ƙarshen gaɓar farko sauran sun gane shi sun shigo, kowa na bin zare ɗaya amma kowa da irin adon da yake masa. Yawanci take gaɓa biyu ne, a buga ta farko sau biyu, ta biyun sau biyu, a zagayo sau biyu ko uku, sai ki ga wanda ya ɗauko ya ɗaga gira ko ya ɗan ɗaga ƙafa ko yace hup, shikenan gaba ɗaya sun juya sun faɗa wani taken ba tare da sun tsaya ba. In sun dire sai a yi shiru, a ɗan yi hira, wani ya tambayi wani daga wa ka koyi wannan, ya ce daga wane na garin kaza, shi kuma daga babansa. Suna kula da wannan silsilar sosai.

Wani lokaci kuma sai ki ji ana shhh shhh daga lungun har ƙarshen kanta, mai zuba abin sha ya daina ƙarar kofuna, sai wani tsoho ko wata budurwa a zaune inda suke su rufe ido su ɗauko waƙa da murya zalla babu kiɗa ko ɗaya, wani sa'in da turanci wani sa'in da yarensu na asali. Waƙoƙin nan akasari na rabuwa ne, na wanda ya hau jirgin ruwa zuwa Amurka bai dawo ba, na yunwar da ta faɗa musu daga 1845 zuwa 1852 wacce ta kashe kusan mutum miliyan ɗaya ta kori wani miliyan ɗin, na gwagwarmayarsu da mulkin Ingila. Toh wannan ne abin da abokiyar aikinki take so ki gani, shi yasa ranta ya sosu, a kunnenta kamar kin ce babanta ɗan giya ne kawai alhali ita tarihin gidansu take nuna miki. Maganar ki shiga ko kar ki shiga kuma tana ƙasa, wani ya tambaya.

TAMBAYA: Malam ni ban ga abin yabo anan ba gaskiya, in da abin arziki ne me ya kai shi gidan giya? Ai duk kiɗan da ka gani a mashaya ka san shashanci ne kawai, ku daina yi wa mutane kwalliya da sunan al'ada. Daga wani mai karatu a Zariya.

AMSA: Malam na gode, kuma tambayarka ta farko tana da kyau ƙwarai, me ya kai shi can. Amsar ita ce kora ce ta kai shi, ba can aka haife shi ba. Kiɗan nan ya girmi zamansa a mashaya nesa ba kusa ba.

Asalinsa kiɗan cikin gida ne na manoma da masunta. A ƙauyukan yammacin ƙasar, Clare da Galway da Sligo da Donegal da Kerry, in dare ya yi musamman lokacin sanyi maƙwabta kan taru a kicin ɗin wani, dan kicin shine babban ɗakin gidan kuma nan murhu yake, a ture tebur gefe, mai goge ya zauna kusa da wuta, a yi rawa a yi tatsuniya, yara da tsofaffi duk suna nan. Lokacin zafi kuma a mararrabar hanya ake yi a fili. Sai a 1935 gwamnati ta yi dokar gidajen rawa, wacce ta ce ba a taron rawa na jama'a sai da lasisi daga kotu, limaman cocin Katolika na lokacin sun matsa sosai a yi ta dan suna ganin raye-rayen dare na ɓata tarbiyya. Aka fara kai mutane kotu kan rawar cikin gida, rawa ta koma manyan ɗakunan taro masu karɓar kuɗi inda ake son kiɗan zamani, mai gogen ƙauye ya rataye gogensa. Ga kuma talauci, matasa na ta ficewa.

Bayan yaƙin duniya na biyu dubban samarin Ayilan suka tafi Landan aikin leburanci, gini da haƙar hanya, suna kwana a ɗakunan haya su uku su huɗu, mai gida ba zai yarda ka ɗauko goge da dare ba. Ina za su haɗu da 'yan garinsu, ina za su ji labarin aiki, ina za su ji ɗumi? Sai mashaya. A unguwar Camden Town aka fara irin wannan zaman a shekarun 1940, ana yawan ambaton wani gida Devonshire Arms a matsayin na farko-farko. Daga can al'adar ta dawo gida. A 1951 aka kafa ƙungiyar Comhaltas a garin Mullingar dan ceto kiɗan, suka fara bikin shekara-shekara da ake kira Fleadh, sannan a 1962 wasu samari da ke haɗuwa a mashayar O'Donoghue's a titin Merrion Row suka zama ƙungiyar The Dubliners, duniya ta san su, masu mashaya suka ga ashe abin na kawo ciniki, wanda da yake korar mai goge ya koma nemansa. Kaga duka-duka zaman kiɗan nan a mashaya bai kai shekara 100 ba.

Sannan ka gane matsayin pub a ƙauyen Ayilan, kusan shine majalisar unguwa irin tamu ta bakin mai shayi, sai dai abin da ake zubawa ya bambanta. Nan ake zuwa bayan jana'iza, nan ake zuwa bayan wasan ƙwallo, nan tsohon da ke zaune shi kaɗai a gona yake ganin fuskar mutum. A ƙasar da ruwa ke zuba kusan kullum ga sanyi ba a zaman waje, dole sai da rufi.

Ba kwalliya nake wa giya ba Malam. Ta yi wa ƙasar nan ɓarna mai yawa kuma su da kansu sun sani, ta cinye makaɗa masu baiwa, ta raba aure, har gwamnati ta saka mafi ƙarancin farashin da za a sayar da ita tun Janairun 2022 dan rage sha. Abin da ban yarda da shi ba shine a ce wa gadon mutane shashanci dan kawai an same shi a inda ba ma so. Yarinya 'yar shekara tara da ke zuwa ajin sarewa ranar Asabar da jakarta a baya kiɗan nan ɗaya take koyo, kuma ba ta taɓa ganin cikin kofin giya ba.

TAMBAYA: Kawu ni ɗalibi ne ina masters a Dablin, tambayata kai tsaye ce, in na shiga na sha lemo kawai na ji kiɗan na fito akwai laifi? Dan gaskiya in baka bin su irin wajen nan sai ka zama bare a aji, duk maganar project ma acan ake ƙarasa ta. Daga ɗanka.

AMSA: Ɗana na ji ka, kuma na san wannan kaɗaicin, ba ƙaramin abu bane mutum ya ga kowa ya tashi ya tafi tare shi ya nufi ɗaki. Amma tunda kai tsaye ka tambaya kai tsaye zan baka. In kai musulmi ne maganar ba ta tsaya kan abin da ke cikin kofinka ba. Aya ta 90 a suratul Ma'ida cewa ta yi a nisance ta, kuma akwai hadisin Jabir da Tirmizi ya ruwaito cewa wanda ya yi imani da Allah da ranar lahira kar ya zauna a teburin da ake zagayawa da giya a kansa. A kan wannan ne malamai suka hana zaman ko da baka sha ba, in ba da wata larura ba. Jin daɗin kiɗa kuwa ba larura bane. Shawarata kar ka mayar da wajen wurin zamanka. In akwai wani yanayi na aiki ko karatu da ya matse ka, ka je masallacin South Circular Road ka zauna da malamin da ya san ƙasar ka faɗa masa yadda abin yake dalla-dalla, ya fi ka ɗauki fatawa a TikTok. Ita kuma giyar da suke cewa ba ta da sinadarin maye, mai 0.0 a jiki, ni dai ina ganin barinta ya fi, kwalba iri ɗaya ƙamshi iri ɗaya, wanda ya hango ka ba zai karanta lambar ba.

Masu karatunmu kiristoci da su wannan bai hau kansu ba, ko wanda dole ta kai shi, ga abin da ya kamata ku sani. Sha sai ɗan shekara 18. Yara na iya shiga da iyayensu amma zuwa ƙarfe 9 na dare sai su fita, 10 daga Mayu zuwa Satumba. Ana daina sayarwa 11:30 daga Litinin zuwa Alhamis, 12:30 Juma'a da Asabar, 11 ranar Lahadi. Ba a shan taba a ciki tun 29 ga Maris 2004, Ayilan ce ƙasar farko a duniya da ta hana a duk wuraren aiki. Kuma akwai al'adar zagaye, in kuna tebur ɗaya wannan ya saya wa kowa, in an shanye na gaba ya tashi, haka har ta zo kanka, toh kaga ko lemo kake sha in ka shiga zagayen sai ka saya wa wasu giya da kuɗinka, dan haka tun farko kace kai naka daban.

Abin da zai kwantar maka da hankali shine mutanen nan sun san wanda baya sha tun kafin mu zo. A 1838 wani limamin coci Father Mathew ya fara yaƙi da giya a Cork mutane suka yi ta rantsuwar bari, a 1898 aka kafa ƙungiyar Pioneer ta masu ƙaurace mata gaba ɗaya, har yau zaka ga tsofaffi da ɗan bajonta a ƙirji. Ƙidayar 2022 kuma ta nuna musulmi sun haura 81,000 a ƙasar. In kace bana sha kuma bana zama inda ake sha saboda addinina, cikin fara'a, sau ɗaya, yawancinsu zasu karɓa. Inda muke kuskure shine mu yi ta ƙaryar ciwon kai da uzurin ƙarya duk sati, sai su ɗauka gudunsu muke. Kai ka riga su gayyata, kace ku haɗu shan kofi da rana, ko ka dafa shinkafa da miya ka kira su ɗakinka a ƙarasa aikin a can.

Shi kuma kiɗan, ga wanda fahimtarsa ta yarda da sauraro, ba sai a mashaya ba. Ƙungiyar masu busa Na Píobairí Uilleann da aka kafa a 1968 tana lamba 15 titin Henrietta, ba nisa da Smithfield, suna koyarwa suna shirya zaman sauraro. Akwai taskar adana kiɗan gargajiya a lamba 73 Merrion Square, tun 1987 aka kafa ta, shiga kyauta ne kuma da yawan kayanta na intanet. Akwai daren al'adu da ake yi wata Juma'a a Satumba, wurare da dama a buɗe kyauta. Tashar talabijin ta TG4 ma takan saka. 'Yata nas, wannan amsar har da ke, ki ce wa abokiyar aikinki kina so ki ji gogen babanta amma a gida, ki ga yadda fuskarta zata canza, dan a wajensu a ce a zo kicin a yi kiɗa girmamawa ce babba.

TAMBAYA: Kawu wai da gaske ne an taɓa yin zanga-zanga saboda za a rushe wannan gidan? Na gani a Facebook na ɗauka ƙarya ce. Daga wata mai karatu a Maraɗi.

AMSA: Da gaske ne 'yar'uwa. A Oktoban 2021 wani kamfani mai suna Marron Estates ya nemi izinin gina otal mai hawa 9 da ɗakuna 114 a wurin. Iyalan Mulligan haya suke ba su suka mallaki ginin ba. Tsarin ya ce za a bar gaban mashayar tunda doka ta kare shi a matsayin tsohon gini, amma za a cinye ɗakin baya da filin waje, alhali ɗakin bayan nan shine makarantar, nan ake ajin rawa da na waƙa, nan masu busa ke taronsu na wata-wata, nan sabbin mawaƙa ke fara tsayawa gaban jama'a. Mutane suka fito da gogunansu da sarewa suka yi tattaki daga Smithfield zuwa ofishin hukumar birni a bakin kogi, ɗauke da akwatin gawa na kwaikwayo wai al'adar Dablin ce a ciki, suka zauna a matakalar ofishin suka yi ta kiɗa. Fiye da mutum 30,000 suka sa hannu a takardar koke, kusan 700 suka shigar da ƙorafi a rubuce wanda a can sai ka biya kuɗi kafin a karɓa. Ƙarshen Nuwamba hukumar ta ƙi ba da izini, kamfanin ya ɗaukaka ƙara, a 2022 ya janye.

Abin da ya harzuƙa su ba gini ɗaya bane, sun gaji ne da ganin otal na tashi ko'ina a birnin da mazauna cikinsa suka rasa gidan haya, wuraren haɗuwa na rufewa ɗaya bayan ɗaya. Mashaya fiye da 2,000 sun rufe a ƙasar tun 2005, akasari a ƙauyuka. Ni abin da ya taɓa ni a lamarin shine matasa ne a gaba, 'yan ashirin da wani abu, sune suka ce ba za a taɓa inda suka koyi abin kakanninsu ba, kuma suka bi ta takarda da doka har suka yi nasara.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe ni makaɗin gurmi ne, ina ɗan taɓa kukuma ma, ana shirin kai mu Turai wasa kuma ance har da Ayilan, in na samu irin wannan zaman zan iya ciro nawa in shiga? Kuma ana liƙi? Daga wani ɗan'uwa a Jos.

AMSA: Allah ya kai ku lafiya ɗan'uwa. Liƙi babu, kar ka sa rai kuma kar kai ma ka yi wa wani, in ka manna wa mai goge kuɗi a goshi zai ruɗe ne. Babu kirari, babu wasa wani mai kuɗi, babu 'yan amshi. Mai gidan yakan biya mutum biyu ko uku da ke riƙe zaman dan kar ya mutu, sauran duk dan so suke zuwa, da safe wani malamin makaranta ne wani direban bas wata likita.

Shiga kuma akwai ladabinsa, ba a rubuce yake ba amma kowa ya sani. Kar ka zauna a kujerar makaɗa sai an ce ka zauna. Ka fara sauraro tukuna, ka bar gurmin cikin jakarsa inda za a gan shi, wallahi ba za a daɗe ba wani zai tambaye ka menene wannan, dan suna da son sanin kayan kiɗa. In baka san take ba kar ka bi shi da lalube, wannan ne abin da suka fi ƙi, gara ka ɗora hannu a cinya. Kar ka tafa ko ka yi kiɗa da tebur, kar ka ɗauki bidiyo a fuskar mutum sai ka tambaya. Lokacinka zai zo ne in sun dire suna hutawa, babban zaman yace baƙo ko zaka ba mu wani abu daga ƙasarku, toh nan zaka ciro, ka yi ɗaya mai kyau gajere, ka tsaya, in sun ce ƙara ka ƙara.

Kuma ka je da sanin cewa kana da dangi a teburin. Banjon da zaka gani a hannunsu asalinsa daga wajenmu ne, bayin da aka kwasa daga Afirka ta yamma ne suka ƙera shi a tsibiran Karebiyan da ƙwarya da fata da sanda, bisa tsarin kayan kiɗan da suka baro a gida irin akonting na Jola a Senegal da Gambiya, gidan su gurmi da molo kenan. Daga Amurka ya shigo Ayilan a shekarun 1840, sai a shekarun 1960 Barney McKenna mai banjon ƙungiyar The Dubliners ya fito da salon ɗaurin tsirkiyar da kusan kowa ke bi yanzu. Ka nuna wa mai banjo ƙwaryar gurminka da yadda fatar ta ɗauki jaki, zai gane nan take.

In tafiyar taku ta faɗo a Yuli ka roƙi masu shiryawa su kai ku Miltown Malbay a yankin Clare, ana makon koyon kiɗa na tunawa da wani shahararren mai busar uilleann Willie Clancy a can tun 1973, in kuma Agusta ce ka nemi garin da Fleadh ya sauka a shekarar dan yawo yake daga gari zuwa gari. A waɗannan biyun kiɗan a titi yake, bakin shago da gindin bango da kan dakali tun safe har dare, yara da tsofaffi, ba sai ka tura ƙofar kowace mashaya ba. Ka tafi da tsirkiya ta ajiya, kuma ka riƙa nannaɗe gurmin cikin mayafi mai kauri, dan danshin ƙasar yana saki fata cikin awa kaɗan, su ma masu bodhrán da shi suke fama.